Ragon ma'aikaci, dokin gardi da karen Nasara: ina rabon dabba cikin albashi?

A Turai da Amurka wasu kamfanoni sun shiga ba ma'aikatansu hutu da kuɗin magani saboda kare ko kyanwa. Wanda ya ji labarin daga nesa dariya zai yi. Amma a Filinge da ƙasar Kurfai, inda da wuya a shiga gidan ma'aikaci ba a tarad da turke ba, tambayar da ke ƙarƙashin labarin tsohuwa ce, kuma har yau ba a amsa ta ba.

Ranar Lahadi ce kasuwar Filinge take ci. Duk wanda ya ratsa karar dabbobi da hantsi, in dai ya san fuskokin mutanen gari, zai lura da cewa ba Fulani da Buzaye da dillalai kaɗai ke zagaya tumaki suna latsa gadon baya, suna buɗe baki don duba haƙora ba. Akwai malamin lakwal, akwai majo na asibiti, akwai magatakardan biro, har da jandarma cikin farin kaya. Wani ya zo sayen ɗan rago ya ɗaure kafin layya ta matso kuɗi ya hau. Wani kuwa ya jawo akuyar gidansa ne domin wata ya yi nisa, ga yaro kwance, ga takardar magani a aljihu. A cikin takardar albashin ko wane ɗayansu akwai layin kuɗin iyali, ga wasu akwai na gida ko na muƙami, amma babu layi ko ɗaya da ya san da wannan akuya, alhali kuwa ita ce ke riƙe da gidan daga ranar 20 ga wata zuwa ranar da banki ya buɗe baki.

Filinge tana wajen kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai, a cikin Dallol Boso, kwarin nan mai ruwa kusa da ƙasa da itatuwan gawo, wanda tun kaka da kakanni garken da ke hawa Azawak da damina suke bi su sauko da rani. Ma'aikacin da aka turo nan, ko daga Damagaram ya fito ko daga Gaya, ba ya shekara bai sayi dabba ba. Wurin ne ke koya masa.

Abin da ake yi a ƙasashen waje

Kafin a yanke hukunci, ya kamata mai karatu ya san abin da ake magana a kai. A ƙasashen masu arziki, kare da kyanwa sun zama kamar ƴan gida, musamman ga waɗanda ke zaune su kaɗai cikin manyan birane, kuma kuɗin likitan dabbobi a can ba ƙaramin abu ba ne. Kamfanonin da ke gasar jawo ƙwararrun ma'aikata suka gane cewa ta nan ma ana iya kama zuciyar mutum. Mafi yawa abin da suke yi shi ne su shirya da wani kamfanin asirans, wato inshora a bakin mutanen Nijeriya, ma'aikaci ya riƙa biyan kuɗi kaɗan daga albashi, ranar da dabbarsa ta kwanta a biya masa wani kashi na magani. Wasu sun ƙara da barin ma'aikaci ya zo aiki da karensa. Kamfanin Amazon, a birnin Seattle na Amurka, ya yi suna a kan haka tun shekarun 1990, har aka kai ga dubban karnuka masu rajista a gine-ginensa. A Ingila an ƙago ranar zuwa aiki da kare a 1996, Amurka ta bi sahu a 1999.

Akwai waɗanda suka wuce nan. A 2017 kamfanin BrewDog na ƙasar Sikotlan, mai yin giya, ya sanar da hutun mako guda da cikakken albashi ga ma'aikacin da ya ɗauki sabon kare, kamar dai yadda ake ba maigida ranaku idan an yi masa haihuwa. A Tokyo ta Japan, wani kamfanin kwamfuta mai suna Ferray ya zuba kyanwoyi cikin biro, ya kuma yanka yen 5000 a wata ga ma'aikacin da ya ɗauki kyanwar da ba ta da mai ita. A Italiya kuma, cikin watan Oktoba na 2017, wata ma'aikaciyar jami'ar Sapienza ta birnin Rum ta sami a lissafa mata kwana 2 da ta yi tana jinyar karenta a matsayin izini mai albashi, bisa hujjar cewa dokar ƙasar tana hukunta wanda ya bar dabba cikin wahala. In doka ta tilasta mata jinya, ta yaya wurin aiki zai hana ta lokacin yin jinyar?

Wannan hujja ta ƙarshe ba ta wasa ba ce, kuma ba baƙuwa ba ce ga almajirin da ya zauna gaban malami a zaure. Fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a ƙasar nan ya ɗora wa mai dabba ciyar da ita da shayar da ita, in ya kasa a tilasta masa ya sayar ko ya yanka. Bambancin kawai shi ne irin dabbar da kuma abin da take wa mai ita. Ga mutumin Seattle kare abokin hira ne. Ga mutumin Kurfai tunkiya asusu ce, jaki mota ne, saniya gado ce.

Da doki aka fara

Abin da masu yayata wannan sabon salo ba su cika faɗa ba shi ne, ko a Turai ba da kare aka fara ba. Takardar asirans ta dabbobi da ake ambata a matsayin ta farko, wani mutum mai suna Claes Virgin ne ya rubuta ta a ƙasar Suwidin a 1890, kuma ta dawaki ce da dabbobin gona. Sai a 1924 aka yi wa kare na farko a ƙasar. Amurka ba ta fara ba sai 1982, da karen nan na talabijin mai suna Lassie. Wato su ma sun fara ne daga dabbar da ake ci da ita, daga baya da arziki ya yalwata suka gangaro kan dabbar da ake wasa da ita.

Haka nan a wannan yanki, haƙƙin dabba cikin albashi ya girmi ƙasar Nijar kanta. A zamanin Nasara, kumandan ba ya rangadi sai bisa doki ko raƙumi. Gardi da gumiye, waɗanda ke kai saƙo, su rako haraji, su kamo mai laifi, aikinsu bai yiwuwa sai da abin hawa mai rai, saboda haka ciyar da dabbar yana cikin lissafin hukuma. A arewacin Nijeriya, Ingilishi sun riƙa biyan jami'ansu kuɗin doki baya ga albashi. Da keke ya zo, Bahaushe ya raɗa masa dokin ƙarfe, kuɗin doki ya koma kuɗin keke, daga nan ya koma na babur da mota, har ya zama bon ɗin esansi da manyan ma'aikata ke karɓa. Wanda ke sa hannu a takardar esansi a ƙarshen wata, gadon dokin gardi yake ci, ko ya sani ko bai sani ba.

To amma tarihin yana da gefe mai ɗaci, kuma Kurfayawa sun fi kowa saninsa. Ƙasar mayaƙa ce masu dawaki, kuma a farkon ƙarni na 20 Faransawa suka ɗora Gado Namalaya bisa sarautar kanton, wanda sunan Mayaƙi ya bi gidansa. Abin da aka rubuta a takarda cewa hukuma ce ke ciyar da doki, a ƙauye sau da yawa talaka ne ke ciyar da shi: baƙo ya sauka da dawaki, a tara hatsi, a tara harawa, a ɗebo ruwa, babu ko dala. Wannan nauyi, haɗe da haraji da aikin tilas, yana cikin abin da ya cika wa mutane ciki har aka ga motsin Hauka ya ɓullo a Shikal a 1925, inda jama'a suka juya wa sarki da kumandan baya, aka kwashe su zuwa Yamai aka ɗaure. Darasin da ya shafi wannan magana ɗaya ne: duk lokacin da aka ce dabbar ma'aikaci tana da haƙƙi, tambaya ta farko ita ce daga aljihun wa.

Bayan samun mulkin kai a 1960, abin da ya rage na wancan tsari shi ne raƙuman masu gadin ƙasa a yankunan makiyaya, da dawakin fada. Sauran ma'aikata aka ɗauke su kamar mutanen birnin Paris, masu zama a bene, waɗanda ba su da abin ciyarwa sai mata da ƴaƴa. Yarjejeniyar aiki ta 1972 tsakanin masu ɗaukar ma'aikata da sandika ta tanadi ranakun izini don aure, haihuwa, suna da rasuwa. Dokar aiki ta 2012 ba ta kauce wa wannan hanya ba. Asusun CNSS yana biyan kuɗin iyali, haɗarin aiki da fansho. Duk an kwafo su daga ƙasar da ma'aikaci ba ya kiwo.

Turke, bankin da bai taɓa rufewa ba

Wanda ya yi aikin gwamnati a shekarun 1990 ba ya bukatar a gaya masa darajar turke. Bayan Taron Ƙasa na 1991, baitulmali ya bushe, albashi ya riƙa makara wata da watanni, bashin da gwamnati ta tara na ma'aikata ya zama abin da ko wace sabuwar hukuma ke gada daga ta gabanta. Ana cikin haka, a watan Janairu na 1994 aka karya darajar Sefa da rabi. Wanda ya ɓoye jaka 100 cikin akwati ya wayi gari abin da za ta sayo masa na kayan waje ya ragu ƙwarai. Wanda ya ɗaure bijimi kuwa ya ga kuɗinsa ya tashi, domin dabbobin Sahel sun sami kasuwa a ƙasashen bakin teku da naman Turai ya yi wa tsada. Malamai da yawa a ƙauyukan Kurfai, Imanan da Tondikandiya da akuya suka ketare waɗannan shekaru, ba da takardar albashi ba. Tun daga lokacin ma'aikacin Nijar bai sake yarda da takarda ita kaɗai ba, kuma ba a ga laifinsa.

Sai dai bankin nan ma yana da ranar faɗuwarsa. Farin 1973 zuwa 1974 ya share garke a arewacin Filinge, ya kuma share gwamnatin Diori Hamani, wadda Seyni Kunce, ɗan Fandu a wannan yanki, ya kifar ranar 15 ga Afrilu 1974. Na 1984, wanda Hausawan Nijar suka raɗa wa El Buhari saboda ya zo daidai da rufe iyakar Nijeriya, ya maimaita. A 2005 da 2010 an sake ganin saniya ana sayar da ita kuɗin da bai kai buhun hatsi biyu ba, ko ta faɗi a hanyar kasuwa. A irin wannan shekara makiyayi yana iya kora garkensa kudu. Ma'aikaci ba ya iya barin aji ko asibiti ya bi ciyawa. Yana tsaye yana kallon ajiyarsa tana ramewa.

Abin mamaki shi ne, wannan yanki ne ke riƙe da ɗaya daga cikin tsofaffin ma'aikatun kiwo na ƙasa. Aikin zaɓen shanun Azawak ya fara a Filinge cikin shekarun 1930, aka mayar da shi Tukunus a 1954, wajen kilomita 20 arewa da gari, a fili mai faɗin eka sama da 4000 na awon Faransa. Daga can jar saniyar nan mai baƙin baki da baƙin ƙafa ta yi suna a matsayin wadda ta fi ba da nono cikin shanun Afirka ta Yamma, har ƙasashen maƙwabta suna zuwa neman iri. Ke nan gwamnati ta san kiwo, ta san lissafin abinci da allura da haihuwa na ko wace saniya da ke garkenta. Abin da ba ta taɓa lissafawa ba shi ne garken da ma'aikatanta ke riƙe da shi a bayan gida.

Inda gizo ke saƙar

A ɗauki misalin malamin da ya yi shekara 5 a wani ƙauye na Kurfai, ya tara tumaki goma da karsana biyu a hannun wani Bafulatani. A ƙarshen hutun damina takarda ta fito an mayar da shi Tera ko Say. Hukuma, in ta tuna, tana lissafin kai shi da iyalinsa da kayan ɗaki. Dabbobi fa? Ko ya saya masu wuri a kamyo da kuɗin da ba shi da shi, ko ya bar su amana a wurin da ba zai sake takawa ba sai bayan shekara, ko ya kai su kasuwa cikin mako guda. Dillalai kuwa sun san lokacin canjin wurin aiki kamar yadda suka san lokacin layya, kuma mai gaggawa ba ya ciniki. A nan ne ajiyar shekara 5 ke zubewa, ba fari, ba annoba, da sa hannun wani darakta kawai.

Na biyu shi ne abinci. Da kaka harawa da kara da ƙaiƙayi suna arha, wani lokaci manomi ma neman mai kwashewa yake. Da bazara, daga Afrilu zuwa saukar ruwa, damin harawa yakan ninka kuɗinsa, dusa da angurya su yi wuyar gani, yara su bi gindin gawo suna tsintar ƴaƴa. Mai jari yana saye da kaka ya jibge bisa rumfa. Ma'aikaci kuwa kaka takan same shi daidai da komawar yara lakwal, aljihu wayam, saboda haka shi ne ke saye a lokacin da ya fi tsada. Dabarar sananniya ce. Kuɗin ne ba sa zuwa a watan da ake bukatarsu.

Na uku, wanda ya fi duka nauyi a shekarun nan, shi ne tsaro. A arewacin jihar Tillaberi, wajen Abala, Sanam da Banibangu, ƴan bindiga sun kore garke masu yawa, sun kuma karɓi dabbobi da sunan zakka da bakin bindiga. Ma'aikacin da ya ba da amanar shanunsa aka hau da su arewa bai da tabbacin ganinsu. Da hukuma ta hana yawon babur a jihar a watan Janairu na 2020, sai ga jaki da amalanke da raƙumi sun dawo da darajarsu ta da: su ke kai mara lafiya asibiti, su ke kai kaya kasuwa. Dokin ƙarfe ya tsaya, aka koma ga mai numfashi, amma ba wanda ya tuna da maido kuɗin dokin.

Dole kuma a faɗi ɗaya gefen, domin ƴan kasuwa da talakawan da ke karanta wannan shafi sun san shi. Rashin tsari bai hana wasu manya biyan kansu da kansu ba. Motar hukuma da aka ba da don rangadi ta dawo shaƙe da harawa. Palanto da aka ɗauka don kai takardu ya zama mai ba ragunan maigida dusa. Maigadin ma'aikata ya zama makiyayi ba da ƙarin ko dala ba. Awaki su cinye itatuwan da ƴan lakwal suka dasa ranar 3 ga Agusta, a rasa mai magana domin na darakta ne. Wannan shi ne dokin gardi ya dawo da sabon sirdi: haƙƙin dabba yana nan, amma na mai ƙarfi ne kaɗai, kuma ƙaramin ma'aikaci ne ke biya. Abin da aka rubuta aka ba kowa daidai ya fi abin da ake ɗauka a ɓoye sauƙin tsarewa.

Abin da wurin aiki zai iya

Ba wanda ke cewa a ba magatakarda hutun mako guda domin akuyarsa ta haihu. Amma akwai abubuwan da ba su fi ƙarfin ma'aikata ko babban ɗan kasuwa ba, wasunsu ma ana yin rabinsu ba tare da an ba su suna ba. Rancen layya misali ne. A Senegal gwamnati ta daɗe tana ba ma'aikatanta kuɗin gaba don ragon Tabaski, a riƙa cirewa kaɗan-kaɗan daga albashi, kuma a nan ma bankuna da wasu kamfanoni suna yin irinsa. To amma rancen layya yana zuwa ne lokacin da rago ya fi tsada, ya tafi cikin tukunya a yini biyu, a bar mutum da biyan wata da watanni. Da za a ba da irin wannan rance da kaka, domin sayen harawa da ɗan rago ramamme, da ma'aikaci ya isa layya da ragonsa, wataƙila har da na sayarwa. Kuɗin ɗaya ne, watan ne ya bambanta, kuma mai ba da rancen bai yi asarar komi ba.

Fulani sun riga kowa warware rabin matsalar da al'adar haɓɓanaye: mai shanu ya ba wanda ba shi da su karsana, ta haihu a hannunsa, bisa al'ada har sau uku, ya riƙe ƴaƴan ya maido uwar. Ƙungiyoyin agaji sun ɗauki wannan tsari sun yi aiki da shi da awaki a ƙauyuka da yawa na Nijar, musamman ga mata. Babu abin da ya hana asusun taimakon juna na malamai ko na ma'aikatan lafiya a gunduma ɗaya ya yi haka ga sabon ma'aikaci, ko ga wanda ya kusa ritaya. Irin wannan asusu ne kuma zai iya sayen dabbobin wanda aka canza wa wurin aiki a farashin gaskiya, ya sayar wa wanda ya maye gurbinsa, a fid da dillalin gaggawa daga tsakani.

Ga ƴan kasuwa maganar ta fi kusa, domin a wurinsu dabba sau da yawa ita ma ma'aikaciya ce. Mai amalanken da ke ɗauko buhuna daga tasha zuwa kanti, da jakinsa yake aiki. Ranar da jakin ya gurgunce, aikin uban gida ya tsaya, abincin yaron gida ya yanke. Alhazai da yawa suna taimakawa a irin wannan rana, amma da alheri, ba da alkawari ba, kuma alheri yana bin yanayin da aka tarad da mai shi. A ce tun farko an yi magana: kaza na dusa a wata, maganin ciwo bisa uban gida, in dabba ta mutu a bakin aiki a raba asara. Wannan ba kwaikwayon Nasara ba ne. Tsohuwar ƙa'idar fatake ce, waɗanda ba sa ɗora kaya sai sun san wa ke ɗaukar asarar jakin da ya faɗi a hanyar Gwanja.

Maganar asirans kuwa ba mafarki ba ce. A Marsabit da ke arewacin Kenya, tun 2010 cibiyar binciken dabbobi ta ILRI ta fito da wani tsari da ba a ƙirga mushe: tauraron ɗan Adam ne ke auna korewar ciyawa daga sama, in ta faɗi ƙasa da wani mizani a biya duk wanda ya sayi takarda a yankin. An kai shi Borana ta Habasha a 2012, aka kuma yi masa siga ta takaful a Wajir domin makiyaya Musulmi da ke ƙyamar riba. Babbar wahalar irin wannan tsari ita ce tara kuɗin wata-wata daga mutanen da ke warwatse a daji. Ma'aikaci kuwa albashinsa ta banki yake bi. Shi ne ya fi kowa sauƙin shiga.

Saura kare, wanda da shi aka buɗe magana. A Kurfai ba a kwana da shi a ɗaki, amma ba a rasa shi ba: yana bin garke, yana tsaron gona, yana farauta, kuma malamai sun halatta riƙe shi domin waɗannan. Dogon karen nan siriri na Buzaye, wanda Turawa suka kwasa suka raɗa wa sunan Azawak, a Turai yana da takardar asali da likitansa, a ƙasarsa ta haihuwa kuwa da wuya ya ga allura. Maigadin sito ko na ma'aikata da ke kwana da kare, kare na yi wa uban gida aiki ne, ba maigadi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe wajen mutum 59000 a shekara, kusan duka a Afirka da Asiya, da yawansu yara, kuma da zarar alamunsa sun bayyana babu magani. Allurar kare ɗaya ba ta kai kusa da kuɗin jerin alluran da ake yi wa yaron da aka ciza ba, in ma an same su a kusa ba sai an tafi Yamai ba. In akwai wuri guda da ya kamata mai ɗaukar ma'aikaci a Filinge ya yi koyi da kamfanin Amurka ba tare da jin kunya ba, to nan ne: ya biya allurar karen da ke tsaron dukiyarsa.

An ga abin da allura ke yi. Bushiya, wadda ta sha share garken Sahel tun ƙarshen ƙarni na 19, an bi ta da riga-kafi ƙasa-ƙasa tun gangamin da aka fara a 1962, har aka sanar da ƙarewarta a duniya a 2011. Malaman dabbobi suna fita ko wace shekara yi wa shanu allurar ciwon huhu, tumaki da awaki kuma ta annobar ƙananan dabbobi. Sai dai ranar da suka kafa a gari takan faɗo ranar aiki, da safe, lokacin da malami ke gaban allo, majo ke gaban layin marasa lafiya. Izinin rabin yini sau ɗaya a shekara, ko a roƙi ma'aikatar kiwo ta keɓe yammacin wata Asabar domin dabbobin ma'aikata, ba ya bukatar dokar majalisa ko kuɗin ƙasashen waje. Takarda ɗaya ce daga biron perfe zuwa shugabannin ma'aikatu, kuma wakilan sandika na gundumar Filinge suna iya neman ta tun kafin harawar bana ta bar gona.